Daga Teburin Dalma Zuwa Rufin Bene: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Barin Gyaran Kayan Lantarki a Saudiyya

Tun 2016 da na ajiye ƙarfen dalma na koma hawa rufin benaye a Jidda, da wuya wata ya wuce wani bai tare ni ba, ko bayan sallar Juma'a, ko a wurin walima, ko ta WhatsApp. Maganar kusan ɗaya ce: ya karanci lantarki ko ya koyi gyaran talabijin da waya, zaman tebur ya ishe shi ko kasuwar ta mutu a hannunsa, yana son aikin da ake riƙe sifana. Na tattara tambayoyin kamar yadda aka yi mini su, na cire sunaye. Ni ba lauya ba ne, ba kuma mu'aƙƙib mai bin takardu a ofisoshin hukuma ba. Fanni ne ni, wato ma'aikacin fasaha mai aikin hannu, aikina na'urorin sanyi da allunan da ke sarrafa injina.

Malam, me ya sa kowa ke gudu daga gyaran waya da talabijin? Ko mu ne muka karaya da wuri?

Ba ku karaya ba. A 2016 Ma'aikatar Ƙwadago ta mayar da sayar da wayar hannu da gyaranta aikin 'yan ƙasa, rabi tukuna a watan azumin shekarar, sannan gaba ɗaya daga Satumba. Wanda ya san titin Falasɗin a Jidda kafin lokacin zai tuna yadda shagunan suke maƙil da baƙi, kowa da fitilarsa da madubin ƙara girma. Cikin 'yan watanni muka watse. Wasu suka koma gyara a ɓoye cikin ɗaki, ko an taɓa ƙofa gabansu ya faɗi. Ni ban iya wannan zaman ɗar-ɗar ba.

Ɗaya dalilin ba na hukuma ba ne, kayan ne suka canza. Talabijin ta da, mai ƙaton baya, tana da sassan da za ka bi ɗaya bayan ɗaya da mita har ka kama ɓarawon. Ta yau gilashi ce da allo biyu ko uku. In gilashin ya tsage, kuɗin gyara ya kusa kamo kuɗin sabuwa, mai ita sai ya ce ka bar shi kawai, ta ƙare a kasuwar gwanjo ta Haraj.

To ilimin da na shekara goma ina tarawa ya tashi a banza ke nan?

A nan ne mutane suka fi yi wa kansu mummunan lissafi, don haka bari in tsaya.

A shekarata ta farko da sharikar gyara, wato kamfanin gyara, aka tura mu rufin wani bene mai hawa biyar, ni da mu'allimina, wani dattijo ɗan Pakistan da ya fi shekara ashirin yana aikin sanyi. Mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai inbata, yana ƙyafta fitila, ya ƙi tashi. Ya sa ma'aunin gas, gas lafiya. Ya buga jikin injin da tafin hannu ya ce kwamfireso ya mutu, a kawo sabo. Ni a lokacin ɗan ɗauko-miƙo ne, aikina riƙe tsani da jan jakar kaya. Na roƙe shi ya bar ni in auna. Wayoyi ukun kwamfireson duk suka ba ni awo ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa jikin ƙarfe. Na kwance murfin allon, wanda a nan ake ce wa kart. Sai ga tsaka ta bushe ƙayau a kan ƙafafun sashen wuta, kewaye da ita baƙin hayaƙi kamar an soya ta. Ta shiga neman ɗumi ta haɗa layi biyu. Fiyus ya tafi, dayod ɗin da ke mayar da wuta miƙaƙƙiya sun ƙone. A daren na canza su a kan teburina na da, washegari mukayyif ya tashi.

Daga ranar dattijon ya daina aike na sayen shayi. Duk kart ɗin da ya gagara sai ya miƙo mini, ni kuma na ce ladana shi ne ya koya mini walda bututu. Haka muka yi musaya.

Allon da ka sani bai ɓace ba, ƙaura ya yi. Ya bar cikin rediyo ya shiga cikin mukayyif, da lif, da famfon tura ruwa sama, da janareta, da ƙofar gareji, da injin wankin otal. Yawancin masu aikin ƙarfe suna tsoron allo, in sun gan shi sai su ce a canza duka. Yawancin masu allo kuma ba sa son maiƙo a hannu. Wanda ya iya karanta zanen waya kuma bai ƙi ɗaukar kwamfireso a kafaɗa ba, shi ne mutumin da sharika ba ta son ya tafi ijaza, wato hutu.

Wane fanni ya fi dacewa da irinmu?

In ka tambaye ni, sanyi. Ƙasar nan ba ta zaunuwa ba mukayyif, daga ɗakin gwauro har Harami. Masallacin Makka ana sanyaya shi daga manyan tashoshi biyu, ta Ajyad da ta Shamiyya. Na Madina kuwa tashar sanyinsa tana wajen kilomita 7 daga masallacin, ruwan sanyi na bin bututu ta ƙarƙashin ƙasa. Ka ƙara da otal-otal ɗin alhazai, da asibitoci, da manyan kantuna. Kuma ga wata dama da muke mantawa da ita: wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, don haka sharikar da ta samu kwangila a can dole ta nemi fanni Musulmi. Za ka fara da ƙananan na ɗaki, ka wuce na kanti, in Allah ya yi ka kai ga cila, manyan injinan da ke sanyaya ruwa su tura shi cikin gini. A can ne ilimin allo yake fara biyan kuɗinsa sosai.

Na biyu a wurina shi ne allunan sarrafa moto da famfo: kwantakta, rile, na'urar rage wa moto gudu ko ƙara masa, da PLC, 'yar kwamfutar da ke sarrafa injina, irin na Siemens ko Schneider. Wannan ya fi kusa da abin da ka baro, wahalar jiki ma da sauƙi. Daga nan hanya take miƙewa zuwa na'urorin awo na masana'antu a Jubail da Yanbu, garuruwan da aka kafa wa hukuma ta musamman tun 1975, da tashoshin tace ruwan teku irin na Shu'aiba da Ras al-Khair. A can harshen da ake yi shi ne miliamfiya 4 zuwa 20, 'yar wutar da na'urar awo ke aika saƙonta da ita. An fara daga 4 ne ba daga sifili ba don in waya ta tsinke awo ya faɗi sifili, a gane matsala ce, ba wai tanki ne ya ƙare ba. Mai gyaran rediyo yana gane wannan a zama ɗaya. Sai dai shiga waɗannan wurare yana son takardu masu kyau da Turancin aiki.

Lif yana da kuɗi, yana kuma da alhakin rai, kuma manyan kamfanoni sun fi son su horar da nasu. Sola ana ta maganarta saboda Sakaka mai megawat 300 da Sudair mai 1,500, amma aikin hannu a irin waɗannan filaye yawanci na lokacin gini ne, in an gama sai 'yan kaɗan su rage. Ka koye ta don gida, can za ta yi maka rana. Walda zalla kuwa ban cika ba irinmu shawararta ba, don a can ne kawai duk abin da ka sani ba zai yi maka aikin komai ba.

Yaya, shekarata 42, gwiwa ta fara magana. Ban makara ba?

Ina da shekara 36 na fara, kuma makon farko da rarrafe nake shiga banɗaki. Ba zan ɓoye maka ba. Rufin bene a Jidda cikin Agusta ga zafi ga laima, riga tana jiƙewa kafin ka kwance ƙusa ta biyu, sifanar da ka ajiye a rana ba ta ɗaukuwa sai da tsumma. Ba a banza ba ake gwada mukayyif ɗin wannan yanki a zafin digiri 46. Doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa ƙarfe uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kuma haƙƙinka ne ka sauko. Mu da asuba muke hawa, mu bar aikin cikin ɗaki ya zama na tsakar rana.

A shekarunka kar ka yi gasar ɗaukar kaya da yaro ɗan ashirin da biyu. Ka yi shekara ɗaya ko biyu a rufi don hannu ya san abin, idonka kuma yana kan ɗakin allo da ɗakin famfo. Ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo. In kana da hawan jini ko ciwon suga, likita ne zai fara ba ka amsa kafin ni.

A iƙamata, katin izinin zamana, ba sana'ar nan aka rubuta ba. Yaya ake yi?

Mu Hausawan ƙasar nan ba matsayinmu ɗaya ba, don haka amsar ma ba ɗaya ba ce. Akwai 'yan'uwanmu 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa. Su ƙofar kwalejojin fasaha na gwamnati a buɗe take gare su, kuma kason da ake ware wa 'yan ƙasa a ayyukan injiniya, wanda ya fara da kashi 20 cikin ɗari a 2021 yana ta hawa, su yake yi wa aiki. In kana cikinsu, je ka yi difloma a sanyi ko lantarkin masana'antu, kar ka tsaya sauraron irin wahalarmu.

Sauranmu, wanda aka haifa a nan da fasfon Najeriya ko Nijar ko Chadi, da wanda ya zo da bizar aiki, sana'ar da ke rubuce a iƙama ita ce iyakar abin da doka ta yarda ka yi. Canza ta ba kai ke yi ba, mai aikinka ne zai nema ta Qiwa, dandalin intanet na ma'aikatar ƙwadago. In sana'ar ta muhandis ce, wato injiniya, ko ta fanni, sai ka yi rajista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya, kuma sabunta iƙama yana rataye da wannan rajista. Za su nemi takardar makaranta da aka tantance, wadda ta dace da sana'ar da kake nema. Saboda haka tun yau ka aika gida a fara bin sawun takardunka, don wannan zirga-zirga tana cin watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ba shi da takardar makaranta, hannu kawai gare shi, akwai jarrabawar sana'a da aka fara a 2021, fahasul mihni, ta rubutu da ta aiki, ga sana'o'i irin su lantarki da famfo da sanyi. Kar ta ba ka tsoro. Wanda ya saba karanta zanen allon waya, tambayoyin rubutun ba za su kayar da shi ba. Na aikin ne ke son atisaye.

Abu ɗaya nake roƙonka: kar ka sayi takardar bogi. Ana tantancewa har makarantar da aka ce ta bayar, kuma wanda aka kama ba sana'ar kawai yake rasawa ba.

Kafilina, mai aikin da iƙamata ke ƙarƙashin sunansa, ya ce ba zai sake ni ba.

Tun 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana iya komawa wani wurin ba da yardar mai aikinsa ba, in kwantiraginsa ya ƙare, ko in ya cika shekara guda a ƙasar kuma ya ba da sanarwa yadda aka tsara. Sabon wurin ne zai turo maka tayi ta Qiwa ka amsa. Wannan sauƙi bai haɗa da direban gida da mai aikin gida da makiyayi da mai lambu ba, nasu tsarin daban ne.

Kafin ka ajiye aiki ka yi lissafin kuɗin sallama. Ana ba da rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan albashin wata cikakke a kan kowace shekara bayan haka. Amma in kai ne ka ajiye da kanka, ƙasa da shekara biyu ba ka da komai, daga biyu zuwa biyar sulusi, daga biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku, sai ka cika goma za ka karɓa duka. Na san wanda ya fita saura wata biyu ya cika shekara biyar, don zuciya. Har yau in an tuna masa sai ya yi tsaki.

Ba zan iya riƙa ɗan taɓa aikin ranar Juma'a da kaina ba, har in ƙware?

Na san ana yi, kai ma ka sani. Amma doka ta hana baƙo ya yi wa wanda ba mai aikinsa ba aiki, ta kuma hana shi yin aikin kansa, kuma ƙarshen wanda aka kama tara ce da tarhil, wato a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu. Buɗe warsha, wato shagon gyara, da sunan ɗan ƙasa alhali taka ce, wato tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Ban da wannan ma, in ka faɗo daga tsani a gidan wani ranar Juma'a, ba inshorar da ta san da kai.

Hanyar da na bi ita ce na karɓi aikin mataimaki a sharikar gyara da albashin da bai kai abin da nake samu a shago ba. Na ɗauke shi kuɗin makaranta. Atisaye kuma a gida: na sayi mataccen mukayyif a Haraj, na yanka shi, na haɗa, na sake yankawa, har maigidan da nake haya ya fara tambaya ko lafiya.

Me hannuna zai fara koya?

Bututun jan ƙarfe. Yanka shi ba tare da ka matse bakin ba, lanƙwasa shi ba tare da ya karye ba, buɗe masa baki ya zauna daram a kan mahaɗa. Sannan walda. A nan ne sabon dalma zai cuce ka. Ka saba da ɗan zafi kaɗan da taɓawa ɗaya ka ɗauke. Bututu kuwa sai ka gasa shi ya yi ja, kuma zafin bututun ne zai narkar da sandar, ba harshen wutar ba. Na yi wata guda ina ɗiga sanda a kan bututu mai sanyi, tana taruwa kamar kashin awaki, mu'allimina yana dariya har da riƙe ciki. Ana kuma busa naitirojin a hankali ta cikin bututun lokacin walda, in ba haka ba baƙin ɓawo zai taru a ciki ya je ya toshe hanya.

Bayan haka sai zuƙe iska da laima da famfon bakyum kafin a saki gas. Da yawa a kasuwa ba sa yi, sai su ɗan saki gas ya huro iskar su ce ya isa. Laimar da ta rage tana haɗuwa da man kwamfireso, musamman na injin mai gas ɗin R410A, ta zama asid, ta ci rufin wayar a hankali, bayan shekara ɗaya a ce kamfani ne bai yi da kyau ba. Kai da ka saba da awo, sayi ma'aunin bakyum ka sauke shi zuwa maikiron 500, ka rufe ka ga ko zai tsaya. Ka san gas ɗinka kuma: R22 na tsofaffin injina ne, R410A ya fi shi matsi sosai, R32 yana iya kama wuta. Ba a gauraya su, kuma ana zuba gas da sikeli ne, gwargwadon nauyin da aka rubuta a jikin injin, ba da taɓa bututu a ji ya yi sanyi ba.

Lissafin kuwa ba shi da yawa. Tan ɗaya na sanyi BTU 12,000 ne a awa, wajen kilowat uku da rabi.

Mene ne ya fi ba ka tsoro da ka shiga?

Sakacin da na zo da shi daga tebur. Shekaru ina wasa da bolt huɗu, bolt goma sha biyu, in na yi kuskure waya ce ke mutuwa, ba ni ba. Hannu ya saba shiga ko'ina ba sallama.

Wata rana a ɗakin famfon wani gini na kashe makunnin na'urar sarrafa gudun moto, fuskarta ta mutu, na sa sukuddireba. Ƙarar da ta tashi sai da mai gadi ya rugo. Bakin sukuddireban ya narke, na yi minti biyar ina ganin kore. Wutar bolt 400 in an miƙar da ita tana zama wajen 560 a cikin manyan kafasita, kuma tana nan zaune bayan an kashe. An rubuta a murfin a jira mintoci, na karanta, na kuma san dalilin tun ina makaranta. Gaggawa ce kawai. Yanzu sai na jira, na auna, na sake aunawa.

Sai tsofaffin gine-gine. Tun 2010 ƙasar ta yanke komawa bolt 230 da 400, amma har yanzu akwai gidaje a Jidda da Makka masu tsohon tsarin 127 da 220. A irinsu 220 ɗin daga layi biyu masu wuta ake ɗauko ta. Wayar da kake zaton ta banza ce, ita ma tana cizo, kuma makunni mai yanke layi ɗaya ya bar maka ɗayan a raye.

In za ka yi aiki a kan injin, ka kashe, ka sa kwaɗonka a kan makunnin, makulli a aljihunka, ka rataya takarda da sunanka. Cewa "na gaya wa mai gadi kar a kunna" ba ta tsare kowa. Kuma har abada kar ka gwada yoyon bututu da iskar oksijin don naitirojin ya ƙare. Oksijin da mai in sun haɗu cikin matsi fashewa suke yi.

Ɗana injiniya ne, mun sha wahala a kan karatunsa. Yanzu ya ce zai koma yawo da tsani. Me zan ce wa dangi a gida?

Hajiya, Allah ya saka muku da alheri a kan wahalar da kuka yi, ba ta faɗi ƙasa ba. Na san abin da ke damunku, don mahaifiyata ma da ta ga hotona da kayan aiki da hular kwano sai da ta yi shiru a waya, daga baya ta ce ko wani abu ne ya faru. A wurinmu mai karatu shi ne mai farar riga da biro a aljihu.

Ku tambaye shi abu biyu. Shin wurin da zai je sharika ce mai rajista da za ta sa sana'ar a iƙamarsa? Shin akwai wanda zai koya a ƙarƙashinsa? In ya amsa duka biyun, ku sa masa albarka. Injiniyan da ya taɓa kwance famfo da hannunsa, in ya zama shugaban ma'aikata ba a yi masa ƙarya, don ya san awa nawa aikin ke ci. Dangi kuwa ku ce musu injiniyan sanyi ne, gaskiya kuka faɗa.

Kuɗin fa?

Shekarar farko za ka ji a jikinka, sai ka shirya mata, musamman in iyali suna nan kana biyan riyal 400 a wata a kan kowane mutum. In an kawo kwantiragi kar ka dubi jimla kawai, ka dubi asalin albashin daban da kuɗin gida da na mota, don ƙarin rabin da ake yi wa awar obataim a kan asalin ake lissafa shi. Dawam, wato lokacin aiki, awa takwas ne a rana, 48 a mako, a azumi shida ga Musulmi. Kuɗin iƙama da lasisin aiki da inshorar lafiya duk a wuyan mai aiki suke, haka ma kashi 2 cikin ɗari na inshorar haɗarin aiki. Wanda ya ce kai za ka biya waɗannan, tun nan ka san irin gidan da za ka shiga.

Ni mace ce, na karanci lantarki. Akwai wuri gare ni?

Akwai, 'yar'uwa. Tun 2020 aka soke sassan dokar ƙwadago da suka hana mata wasu ayyuka masu haɗari da aikin dare. Inda na fi ganin hanya a buɗe shi ne haɗa alluna a masana'anta, gwajin na'urorin awo, da kula da injinan asibiti. Makarantu da wuraren mata zalla ma suna da na'urorin da ke lalacewa a lokacin da namiji ba zai shiga ba. Maganar iƙama da rajista duk ɗaya ce da ta maza.

Waɗanne kaya zan fara saya?

Kar ka kwashe kuɗinka a Sana'iyya, unguwar masu gyara da kayan aiki, rana ɗaya, manyan kaya na sharika ne. Naka na kanka mita mai kama waya ta auna amfiya, ta kirki wadda aka yi don wutar gini. 'Yar mitar teburinka ka bar ta a gida, ba a yi ta don bolt 400 ba. Sai sukuddireba masu rufin roba, takalmi mai ƙarfe a baki, tabarau, da kwaɗon da na faɗa. Ƙarfen dalmarka da madubinka kuma kar ka sayar.

In na tashi komawa gida, sana'ar za ta bi ni? Kayan aikin fa?

Sana'ar za ta bi ka har Kano ko Damagaram. Sanyi, famfon rijiyar burtsatse, inbata da sola, duk suna jiran wanda ya iya allo da ƙarfe a tare. Kafin ka taso ka karɓi takardar shaidar aiki daga kowace sharika da ka yi wa aiki, doka ta ce a ba ka kyauta. A Najeriya za ta taimaka maka wajen rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, wadda ba injiniyoyi kawai take yi wa rajista ba, har da masu fasaha da masu sana'ar hannu.

Kaya kuwa sai ka duba. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a sakan, ta Najeriya da Nijar sau 50. Filogi mai ƙafa uku iri ɗaya ne da na Najeriya, shi ke yaudarar mutane su cika kwantena. Moton da ke juyi kusan 1,800 a minti a nan, a gida kusan 1,500 zai yi, ya kuma riƙa ɗaukar zafi fiye da yadda aka gina shi. Mukayyif ɗin da ba mai inbata ba, wanda aka yi don 60 kawai, sanyinsa zai ragu kuma kwamfireson ba zai yi tsawon rai ba. In aka juya ma haka ne: famfon da aka yi don 50 in aka kawo shi nan gudunsa zai ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, ƙarfin da yake nema kuma ya haura da kusan kashi 70 cikin ɗari, sai ka ji moto yana wari. Sifana da ma'aunin gas da abin buɗe bakin bututu ba ruwansu da wannan, zuba su a jaka. Duk abin da ke da moto a ciki, famfon bakyum ne ko injin huda bango ko kwamfiresan iska, juya shi ka karanta ɗan farantin da ke jikinsa. In ka ga 50/60Hz, ɗauka. In 60 kawai aka rubuta, sayar da shi a nan ka sayi wani a Sabon Gari.